Kiwi mai jure sanyi a bayan gidan da rana ba ta isa sosai: zai yi 'ya'ya?

Maman Hanifa (Otawa)
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar itatuwa a ƙasashen nan na sanyi. A bayan gidanmu akwai wani siririn fili tsakanin bangon gida da dangar katako ta maƙwabci, faɗinsa kusan mita 4, kuma ta arewa da gidan yake. Tumatir ya ƙi, barkono ya ƙi, ciyawa ma da ƙyar take fitowa. Ta yamma kuma akwai babbar bishiyar maƙwabta. Na ga ana sayar da dashen wani kiwi da aka ce yana jure sanyi, 'ya'yansa ƙanana ne marasa gashi, da ɓawonsu ake ci, kuma an rubuta a jikin takardar cewa yana yi a inuwa. To da gaske zai yi 'ya'ya a irin wannan wuri, ko ganye kawai zan tara? Dashen ba shi da araha, kuma an ce sai an sayi biyu, mace da namiji.

Baban Sadiq (Jamus)
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki saya kawai, kar ki ji komai. Ina da shi a nan kudancin Jamus, irin da ake kira Weiki, wanda aka samar a Weihenstephan kusa da Munik. A gefen garejina na dasa, inda rana ba ta sauka a ƙasa sai can da yamma. Duk Oktoba sai mun raba wa maƙwabta. Zaƙinsa ya fi na babban kiwin kanti nesa ba kusa ba.

Anti Larai (Leeds)
Maman Hanifa kar ki yi gaggawa. Ni nawa irin da ake kira Issai ne, wanda aka ce ba ya buƙatar namiji. Yana jikin danga a inuwar gidan maƙwabta. Ganye kam masha Allah, amma 'ya'yan ba su taka kara sun karya ba, rabinsu ma zubewa suke tun suna ƙanana. Ƙawata da ta dasa irinsa a jikin bangon da ke kallon kudu tana cika kwano. Iri ɗaya, gari ɗaya, rana ce kawai ta bambanta mu.

Maman Hanifa (Otawa)
To kun gani ko. Ɗaya ya ce saya, ɗaya ta ce dakata. Anti Larai, awa nawa naki yake samun rana?

Anti Larai (Leeds)
Bai fi awa biyu ba da safe, ita ma ranar Ingila ce, kin san yadda take.

Baba Mai Ritaya (Zariya)
Salamu alaikum. 'Yata, kafin a ce saya ko kar ki saya, koma ki duba takardar da ke rataye a jikin dashen, ki karanto mana sunan da aka rubuta da Latin. Abin da ake sayarwa da sunan kiwi mai jure sanyi ba iri ɗaya ba ne, manyansu biyu ne, kuma halinsu da inuwa ya sha bamban.

Na farko shi ne Actinidia arguta. Shi ne na Baban Sadiq, shi ne kuma na Larai. Asalinsa dazuzzukan Japan da Koriya da arewacin Sin da gabashin Rasha ne. A can daji gindinsa yana ƙarƙashin bishiyoyi, amma yana kama su ya yi ta hawa har sai ya fitar da kansa sama inda rana take, a can ne yake fure. Shi ya sa masu sayarwa ba su yi ƙarya ba da suka ce yana rayuwa a inuwa. Rayuwa daban, haihuwa daban. Idon da zai zama fure a baɗi, bana yake haɗuwa a jikin reshe, kuma reshen da ya sha rana ne yake haɗa shi da yawa. Reshen da ya girma a duhu ganye zai ba ki.

Na biyu shi ne Actinidia kolomikta. Wannan ya fi wancan jure sanyi, yana ɗaukar har wajen digiri 40 ƙasa da sifili, wancan kuwa wajen 30 ne. Bai kai shi ƙarfin yaɗo ba, 'ya'yansa sun fi ƙanƙanta, amma shi inuwa-inuwar ma yake so. Rana mai zafi ta bayan azahar tana ƙona masa ganye. Masanin itatuwan nan na Rasha, Ivan Michurin, ya yi aiki a kansa sosai a farkon ƙarni na 20, domin yana neman abin da zai yi 'ya'ya a sanyin ƙasarsu.

In da ni ne mai wannan fili, na biyun zan nema.

Baban Sadiq (Jamus)
Baba, da girmamawa, amma ni abin da idona ya gani nake faɗa. Nawa arguta ne kuma a inuwa yake, kuma yana yi.

Baba Mai Ritaya (Zariya)
Ban musa ba ɗana. Amma faɗa mini, a wane ɓangare na itacen kake tsinkar 'ya'yan?

Baban Sadiq (Jamus)
Mafi yawa a saman garejin. Ya hau ya bazu a kan rufin, da tsani nake hawa in tsinko. Na ƙasa-ƙasan ba su da yawa.

Anti Larai (Leeds)
Ai ka ga magana ta fito. Kansa a rana yake.

Baban Sadiq (Jamus)
Anti, amma gindinsa fa? Inda na haƙa rami na sa shi inuwa ce, ko ciyawa ba ta yi a wurin. Abin da nake son Maman Hanifa ta gane shi ne kar ta dubi ƙasa kawai ta yanke hukunci. Tumatir ya ƙi ne domin gajere ne, ba zai iya miƙewa ya kamo rana ba. Wannan kuwa a shekara ɗaya yana iya jan mita 5 zuwa 6 idan ya kafu. Ta ɗaga kai ta dubi sama.

Injiniya Ɗan Gusau (Minnesota)
Maganar Baban Sadiq tana kan hanya, kuma ana iya lissafa ta. Maman Hanifa, gidan naku hawa nawa ne?

Maman Hanifa (Otawa)
Hawa biyu ne Injiniya.

Injiniya Ɗan Gusau (Minnesota)
To mu ɗauka tsayin abin da yake tare miki rana mita 6 ne. Ki auna zuwa ƙololuwar rufi, domin in ya fi haka lissafin zai canza. Otawa tana wajen digiri 45 arewa da layin tsakiyar duniya, kusan daidai da mu a nan. A gida Kano ko Gusau rana tana bi ta tsakiyar ka a ƙarshen Afrilu da kuma Agusta, shi ya sa ba mu saba da tunanin gefen arewa da gefen kudu na gida ba. A nan kuwa ko yaushe ta kudu take karkata.

A ƙarshen Yuni da tsakar rana tana hawa zuwa digiri 68. A lokacin inuwar bango mai mita 6 ba ta wuce mita 2 da rabi a ƙasa. Ke nan jikin dangar maƙwabcin, da ke nesa da mita 4, rana tana samunsa. A ƙarshen Satumba ta sauko zuwa digiri 45, inuwar ta zama daidai da tsayin bangon, mita 6, ta rufe filin duka.

Amma itacen ba a ƙasa zai kwanta ba. In kika ja masa waya a tsayin mita 1.8, bangon ya fi wayar da mita 4.2 ne kawai. A ƙarshen Agusta inuwar da za ta faɗa a wannan tsayi wajen mita 3 ce kawai, saboda haka wayar da ke kusa da danga tana cikin rana. Sai a ƙarshen Satumba inuwar take cim mata.

Abu biyu ke nan. Ɗaya, kar ki dasa a jikin bangon gida, ki kai shi can gefen danga. Biyu, irin da yake nuna da wuri ya fi dacewa da ke. Kolomikta a nan wajenmu cikin Agusta yake nuna, lokacin da rana take kan wayar. Arguta irin su Ananasnaya, da ake taƙaitawa a ce Anna, sai ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, daidai lokacin da inuwa ta rufe ki, ga sanyi yana ƙwanƙwasa ƙofa. Zaƙin ba zai cika ba.

Maman Hanifa (Otawa)
Allah ya saka da alheri Injiniya. Wallahi ban taɓa tunanin inuwar tana tafiya da wata ba. Yanzu muna farkon Mayu, in na auna yau zai yi?

Injiniya Ɗan Gusau (Minnesota)
Zai yi sosai, domin hawan rana a farkon Mayu kusan ɗaya ne da na farkon Agusta. Ki sami sanda mai tsayin mutum ki kafa a inda kike son dasawa, ki ɗaura mata farin ƙyalle a kai. Ranar da gari ya waye ba hadari, ki riƙa leƙawa duk awa ɗaya daga safe zuwa magariba, ki rubuta ko ƙyallen yana rana ko yana inuwa. Sai dai ki tuna bishiyar maƙwabtan ba ta gama cika ganye ba tukuna, abin da za ki samu ta yamma zai ragu nan gaba.

'Yar Damagaram (Liyon)
Sannunku. Ni ban dasa ba, a bene nake, amma ina saye a kanti wajen watan Satumba da Oktoba, a ƙananan robobi, sunan Nergi ne a jiki, daga kudu maso yammacin Faransa da Fotugal ake kawowa. Tsada gare shi, kuma ba ya jimawa. Yaya Maman Hanifa, in kin dasa ki fara gwada wa yara kaɗan tukuna. Ɗana in ya ci babban kiwi bakinsa ƙaiƙayi yake, wannan ƙaramin ma haka ya yi masa. Kuma in aka ci da yawa yana sakin ciki.

Yaya Asabe (Massachusetts)
Ku yi haƙuri zan shigo da wata magana daban, domin abin yana damuna. Kun ce akwai babbar bishiya a gefe. Don Allah duk wanda zai dasa arguta kusa da bishiya ko bakin daji ya yi tunani sosai. A yammacin jiharmu, a garin Lenox, akwai wani dajin shaƙatawa da ake kira Kennedy Park. Wannan itacen ya mamaye wasu sassansa, ya hau manyan bishiyoyi ya lulluɓe su, nauyinsa da na ƙanƙara ya karya su. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka shigo da shi Amurka, masu hali suka riƙa dasawa don ado a manyan gidajensu, da aka daina kula da shi sai ya kama gabansa. Na je na gani da idona, wani wurin ba ka ganin komai sai igiyoyinsa a kan matattun itatuwa.

Abin da Baban Sadiq yake yabawa, wato yana miƙewa ya nemo rana, shi ne haɗarin. In kin sa shi a inuwa kusa da bishiya, bishiyar zai nufa. Kuma ba taki ba ce, ta maƙwabci ce.

Baban Sadiq (Jamus)
Yaya Asabe, wannan ai sakaci ne na waɗanda suka bar shi. Wanda yake datse nasa ba zai kai haka ba. A nan lambuna da yawa suna da shi ban ji ana kuka ba. A Amurkan ma ai jami'ar New Hampshire tun 2013 take bincike a kansa don manoma su riƙa nomawa.

Yaya Asabe (Massachusetts)
Haka ne, suna yi, kuma a can a kan waya yake a fili, da ma'aikata masu kula da shi. Mu fa yawancinmu haya muke, ko mu sayar da gida mu koma wani gari saboda aiki. Itacen nan yana daɗewa, shekaru gommai. Wa ya san wanda zai gaji gidan, ko zai riƙe almakashi? Ban ce haramun ba ne, na ce a dubi wurin. Filin mita 4 da bishiyar wani a gefe ba wurin arguta ba ne.

Baba Mai Ritaya (Zariya)
Asabe ta yi gaskiya a kan wannan filin. Kuma bishiyar tana da wata illar da ba a ambata ba: saiwarta. Kiwi saiwarsa a sama-sama take, mai taushi ce, ba ta iya gasar ruwa da babbar bishiya. Inuwar gini ta fi inuwar bishiya sauƙi, domin gini ba ya shan ruwa. 'Yata, ki matsa can gefen gabas na filin, nesa da bishiyar gwargwadon iko.

Tunda an zo kan saiwa, bari in ƙarasa. Abin da ya fi kashe wannan itace ba sanyi ba ne, ruwa ne da yake kwanciya a gindinsa. Wurin inuwa ba ya bushewa da wuri. In ƙasarki mai yumɓu ce, saiwar za ta ruɓe, ki ga ganye ya yi yaushi ki zaci ƙishi ne ki ƙara ruwa. Haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ki cika shi da ruwa. In kin dawo washegari ruwan yana nan, kar ki dasa a rami, ki tara ƙasa ki yi tudu ki dasa a kai. Kar ki zuba takin zamani a cikin ramin, yana ƙona saiwar. Ruɓaɓɓen ganye ko takin gargajiya da ya gama ruɓewa ya isa, a shimfiɗa a sama, kar ya taɓa jikin karan.

Maman Hanifa (Otawa)
Na gode Baba. Na koma wurin masu sayarwa ɗazu. Akwai arguta, Issai da Anna. Akwai kuma wani da aka rubuta Arctic Beauty, a hotonsa ganyen rabi kore rabi fari da ruwan hoda. Shi ne kolomikta ɗin?

Injiniya Ɗan Gusau (Minnesota)
Shi ne. Amma ki kula, wanda aka fi sayarwa da wannan suna namiji ne, don adon ganyensa ake sayensa. Shi kaɗai ba zai ba ki ko ƙwaya ɗaya ba. Ki tambaye su macen kolomikta. A nan ana samun wadda ake kira September Sun da kuma Red Beauty.

Maman Hanifa (Otawa)
To in na ɗauki namijin nan mai ado na haɗa shi da Anna fa? Tunda ita mace ce.

Baba Mai Ritaya (Zariya)
A'a, kar ki dogara da wannan. Kolomikta yana riga arguta fure, kafin Anna ta buɗe shi ya gama. Ko da sun haɗu ma ba jinsi ɗaya ba ne, barbarar ba ta kamawa yadda ya kamata. Namiji da mace su zama jinsi ɗaya. Lamarin kamar na dabino ne: macen ce take ɗaukar 'ya'ya, namijin garin fure kawai yake bayarwa, kuma guda ɗaya yana isar mata shida zuwa takwas. Ƙudan zuma ne suke kai garin, iska tana ɗan taimakawa, saboda haka kar su yi nisa da juna.

Idan sun fara fure za ki gane su da ido. Furen mace yana da ɗan kumburi a tsakiya da fararen zarurruka da suka bazu daga kansa. Na namiji tsakiyarsa cike take da ƙananan kawuna masu gari, babu kumburin.

Anti Larai (Leeds)
Wannan ganewar tana da amfani. Wata 'yar uwa a nan an sayar mata da biyu a matsayin mace da namiji, da suka yi fure duka maza ne. Ki ajiye takardar da rasit.

Ni kuma Baba, Issai ɗina fa? In kawo masa namiji zai gyaru?

Baba Mai Ritaya (Zariya)
Namijin arguta zai ƙara masa yawa da girman 'ya'ya, domin duk da yana iya ɗauka shi kaɗai, ya fi yi in akwai namiji. Amma da awa biyu na rana, Larai, ba namiji ne matsalarki ta farko ba. In akwai inda za ki ja rassansa su sami haske, fara da wannan.

Ɗan Bukuru (Jos)
Ina ta bin ku a hankali. Mu nan Jos muna da sanyi, ana noman strawberry da dankalin Turawa. In wani zai zo gida ya taho mini da reshe in gwada mana. Ina da wuri ƙarƙashin mangwaro.

Baba Mai Ritaya (Zariya)
Ɗana, ba na son in kashe maka gwiwa, amma sanyin Jos da wanda itacen nan yake nema ba ɗaya ba ne. Yana buƙatar ya zubar da ganye ya yi barci, ya tara awoyi masu yawa a sanyin da bai kai digiri 7 ba, sannan ya farka ya yi toho a tare. Jos ta haura mita 1,200 a sama, hunturunta yana da sanyin dare, amma da rana ta fito gari ya ɗumama. Itacen zai iya rayuwa, tohon ne zai riƙa fitowa jefi-jefi, fure ya yi wuya. Ƙarƙashin mangwaro kuwa duhu ne da saiwa, ba wurinsa ba ne ko a ina.

Batun a ɗauko reshe a jaka kuma, kar a yi. Akwai hukumar killace tsirrai da dabbobi a filayen jiragenmu, kuma da dalili aka kafa ta. A 2010 wata cutar bakteriya da ake kira Psa ta ɓulla a gonakin kiwi na New Zealand, ta yi musu ɓarna mai yawa, sai da suka tumɓuke gonaki suka sauya iri. Ta jikin tsiro da garin fure irin wannan cuta take tsallaka ƙasa.

In itace mai yaɗo kake so, je Kudan nan kusa da mu ka ga yadda suke noman inabi, sai dai shi rana yake so tsantsa. Ƙarƙashin mangwaron kuma, a gefen da haske ke shiga, gwada citta ko gwaza.

Ɗan Bukuru (Jos)
Na ji Baba. Cittar zan gwada, muna da masu iri a Kachiya.

Maman Hanifa (Otawa)
Ga sakamakon sanda da ƙyalle. A kusurwar gabas, kusa da danga, ƙyallen ya sami rana daga wajen ƙarfe 9 na safe zuwa 2 na rana, daga nan bishiyar ta fara tarewa. A jikin bangon gida kuwa sai da sassafe kawai. Ramin da na cika da ruwa ya tsotse kafin dare.

Injiniya Ɗan Gusau (Minnesota)
Madalla. Awa biyar ta safe zuwa azahar, inuwa da yamma, wannan wurin kolomikta ne sak. Ga abin da na gani a nawa.

Ki kafa dirkokinki daban, kar ki ɗora shi a dangar maƙwabci. Dirka biyu masu ƙarfi, waya mai kauri a sama. Shekarar farko ki zaɓi kara ɗaya mafi ƙarfi ki ɗaure shi a jikin sanda ya tafi sama a miƙe. Kar ki bari ya nannaɗe sandar, in ya yi kauri a haka zai shaƙe kansa. In ya kai waya ki datse kan, ki bar rassa biyu, ɗaya ya bi dama ɗaya hagu. Daga jikinsu ne masu 'ya'ya za su riƙa fita.

Abin da zai fi ba ki ciwon kai shi ne sanyin ƙarshe na watan Mayu. Itacen kansa ba ya jin sanyin Janairu, amma yana saurin toho, kuma sabon toho ko ɗan daskarewar dare ɗaya ce tana baƙanta shi. Zai sake fitar da wani, amma furen shekarar yakan tafi. A nan ne inuwarki ta zama riba: gefen arewa ba ya ɗumama da wuri, sai tohon ya ɗan yi jinkiri. Duk da haka ki tanadi tsohon zanen gado, in an yi hasashen daskarewa ki rufa masa da yamma ki yaye da safe.

Anti Larai (Leeds)
Kar a manta da maguna! Akwai wani ƙamshi a jikinsa da yake jan su, su yi ta birgima a kai suna tauna karan har su karya shi. Ki zagaye ƙaramin dashe da ragar waya har ya yi kauri. A nan katantanwa ma suna cin sabon toho.

Injiniya Ɗan Gusau (Minnesota)
Mu kuma zomaye, lokacin ƙanƙara suna gaigayar ɓawon. Ragar ta yi tsayin da za ta wuce inda ƙanƙara take taruwa.

Maman Hanifa (Otawa)
Shekara nawa zan jira? Kuma ganyen namijin da na gani a tukunya kore ne kawai, ba ruwan hodar da ke hoto.

Injiniya Ɗan Gusau (Minnesota)
Launin sai ya ɗan girma yake fitowa, bayan shekara biyu ko uku, kuma ganyen da yake samun haske ne ya fi yinsa. 'Ya'ya kuma ki sa ran shekara ta uku ko ta huɗu. Arguta yakan kai biyar ko fiye kafin ya fara.

Baban Sadiq (Jamus)
Na ga kun gama yanke hukunci a kan kolomikta, ba laifi, amma a faɗa mata aibinsa ma. 'Ya'yan ƙanana ne, ba sa nuna lokaci ɗaya, kuma da sun nuna suke faɗuwa ƙasa. Yawan ma ba a haɗa su: macen arguta da ta kafu a rana tana iya ba da kilo 20 ko fiye, kolomikta ba ya kusantar haka. In kwano ɗaya ko biyu na yara take nema, shi ke nan.

Maman Hanifa (Otawa)
Kwanon yaran nake nema Baban Sadiq, da kuma in leƙa ta tagar kicin in ga kore maimakon katako. Zubewar fa, ya ake yi da ita?

Injiniya Ɗan Gusau (Minnesota)
Ba sai kin jira sun yi laushi a sama ba. In kika ga na farko sun fara taushi, ki tsinki ɗaya mai tauri ki yanka. In ƙwayoyin ciki sun yi baƙi, ki tsinke sauran, za su ƙarasa nuna a kicin cikin 'yan kwanaki. Waɗanda ba ki son su nuna yanzu ki sa a firij. Wasu kuma suna shimfiɗa raga ko zane a ƙasa su riƙa kwashewa kullum.

Baba Mai Ritaya (Zariya)
Saura datsa. Babbar datsa ana yinta ne yana barci, kafin ruwa ya fara hawa jikinsa. In kika makara zuwa lokacin da ido ya fara kumbura, duk inda kika yanka zai yi ta zubar da ruwa kwana da kwanaki. Reshen da ya fito bara shi ne yake fitar da tohon da ke ɗaukar 'ya'ya bana, saboda haka ki cire waɗanda suka riga suka haihu da waɗanda suka cukurkuɗe, ki bar na bara masu lafiya da tazara a tsakaninsu. A wurin da rana ta yi ƙaranci wannan tazarar ta fi muhimmanci, domin ganyen sama yana iya rufe na ƙasa ya ƙara miki wata inuwar a kan wadda kike da ita. Namijin kuma ki rage shi sosai da zarar ya gama fure, kar ya cinye wa macen wuri.

Maman Hanifa (Otawa)
Na rubuta duka. Sun ce macen ba ta iso ba sai mako mai zuwa, na sa an ajiye mini biyu da namiji ɗaya. Tazara nawa zan bari tsakaninsu? Tsawon wurin da ke samun rana bai fi mita 6 ba.

Injiniya Ɗan Gusau (Minnesota)
A mita 6 uku za su matsu. Ki ɗauki mace ɗaya da namiji ɗaya, ko kuma in kina son biyun, ki ba kowace mace mita 2 da rabi a inda rana ta fi, namijin ki sa shi a ƙarshen layi ta wajen da inuwa ta fi yawa ki riƙa rage shi. Ki jira sanyin dare ya wuce, wajen ƙarshen Mayu, kafin ki fitar da su daga tukunya.